Shin galahanga cuta ce?

Tun daga 2013, kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya haɗa nau'o'in galahanga a ƙarƙashin suna ɗaya, a matsayin lalurar da ke shafar hulɗa, magana da ɗabi'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka take kallonta. Sai dai masu fafutuka, da yawansu masu galahangar ne, suna cewa bambancin halittar ƙwaƙwalwa ne kawai, kuma kiranta cuta yana jawo musu tsangwama. Iyayen yaran da ba sa magana kuwa suna tsoron idan aka cire sunan lalura, tallafin makaranta da inshorar lafiya za su yanke, tunda sau da yawa takardar likita ce ke buɗe ƙofar samunsu.