Famfo mai ɗiga: Asarar da gidaje ke tafkawa a Boɗinga da Shagari

A garuruwan Boɗinga da Shagari, da ke kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, da wuya ruwa ya fito daga famfon gida ba tare da wani ya biya kuɗinsa ba.

Ko dai an sayi fetur an tayar da janareta an turo ruwan daga rijiyar burtsatse zuwa tanki, ko an yi zaman jiran wutar lantarki, ko an kashe kuɗi an kafa sola. Gidan da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan kuwa, 'yan garuwa yake jira.

Duk da haka, ba a rasa gidan da famfonsa ke ɗiga dare da rana. Wani an ɗaure masa wuya da robar tayar babur, wani an naɗe shi da leda, wani kuma an ajiye masa bokiti da ke cika ya tumbatsa kafin gari ya waye.

Sau da yawa gyaran bai wuce sauya wata 'yar roba ba. Abin da ke hana a yi shi ne, a gidaje da dama babu wanda ya san inda ake tsayar da ruwan, a wasu kuma tun farko ba a sa abin tsayarwar ba.

Lissafin ɗigo

Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗigo sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000.

Idan aka mayar da lissafin ma'aunin da aka saba da shi a gida, jarka 440 ke nan mai cin lita 25, ko kuma tanki mai lita 1,000 har sau 11. A rana guda kusan lita 30 ne, daidai da jaka uku ta fiya wata.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. Ke nan famfo ɗaya mai ɗiga yana cinye fiye da rabin mafi ƙarancin abin da mutum guda ke buƙata. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika.

Kowa zai iya gwada nasa famfon. A tara gorar ruwa mai cin santilita 75 a ƙarƙashinsa. Idan ta cika cikin awa ɗaya, lita 18 ke zubewa a kowace rana. Sai a lissafa da kuɗin jarka a unguwa, a ga abin da ke tafiya a wata.

Wannan lissafi ya ƙara nauyi tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma duk mai tura ruwa da janareta ya ji a jikinsa.

Ga kuma yanayin yankin. Damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, rijiyoyi su ja baya, layi ya yi tsawo a wuraren ɗiban ruwa. Ko manyan madatsun ruwa ba su tsira ba. A farkon 2018 ruwan madatsar Goronyo, wadda birnin Sakkwato ya dogara da ita, ya ragu har ya koma kusan kashi 10 cikin 100 na abin da take ɗauka.

Me ke sa famfo ɗiga?

Famfo mai murɗawa, wanda ake juya kansa sau biyu ko uku kafin ya rufe, yana da wata zagayayyiyar roba a ciki da masu gyara ke kira washa. Ita ce ke danne ƙofar ruwan. Idan ta cinye ko ta tsage, ruwa zai samu hanya.

Abubuwa uku ne suka fi kashe ta. Na farko, yashin da ke biyo ruwan burtsatse, wanda ke goge robar da mazauninta a hankali. Na biyu, matse famfo da ƙarfin tsiya. Mutum ya ga yana ɗiga sai ya ƙara murɗawa, alhali hakan ƙara yanka robar yake yi. Na uku, zafin rana, wanda ke busar da roba, ya kuma sa famfo da bututun roba su yi gautsi.

Inda ruwan ke fitowa shi ke nuna ciwon. Idan daga baki yake ɗiga, washa ce. Idan daga ƙarƙashin mariƙi yake tsatsowa lokacin da aka buɗe, notin wuyan famfon ne ya saki, ko zoben robar da ke wurin ya mutu. Idan kuma daga inda famfon ya haɗu da bututu ne, farin tef ɗin da aka naɗa a haƙoran ɗaurin ne ya gaza.

Kafin komai, a tsayar da ruwan

Kuskuren da ya fi jawo ɓarna shi ne a sa wa famfo sifana alhali tanki a cike yake. Da zarar kan ya fita, ruwan zai yi tsartuwa, kuma babu hannun da zai tare shi har sai tankin ya ƙare.

A gidan da ke da tankin sama, bawul ɗin tsayar da ruwa yana kan bututun da ya sauko daga gindin tankin. A gidan da ke jone da layin hukuma ko na wani maƙwabci mai burtsatse, a neme shi inda bututun ya shigo gida, galibi kusa da ƙofa ko jikin katanga.

Bawul iri biyu ne aka fi gani. Akwai mai hannu. Idan hannun ya miƙe tare da bututun, a buɗe yake, idan ya gicciye shi, a rufe yake. Akwai kuma mai kai zagayayye kamar sitiyari. Shi ana murɗa shi ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har ya tsaya.

Bayan an rufe, a kashe injin tura ruwa, a kashe hita idan akwai. Daga nan a buɗe famfon da za a gyara da wanda ya fi kowanne kusa da ƙasa, domin ruwan da ya rage a bututu ya tsiyaye. Idan ruwan ya ƙi tsayawa bayan 'yan mintuna, bawul ɗin kansa ya lalace, kada a ci gaba da kwancewa.

Idan babu bawul gaba ɗaya, dabara ita ce a cika randuna da durom da ruwan tankin, a bari ya ƙare, sannan a yi aikin. A wannan rana ce ya kamata a kira mai gyara ya sa bawul a gindin tankin, ya ƙara ɗaya a layin banɗaki, ɗaya a na madafa, ta yadda gobe za a iya gyara ɓangare guda ba tare da an hana gida duka ruwa ba.

Akwai wani batu da magidanta ba su cika tunawa da shi ba. Bututu ba ya jiran maigida ya dawo kafin ya fashe. Da rana, lokacin da maza ke kasuwa ko gona ko wurin aiki, mata da yara ne a gida. Idan uwargida ba ta san inda bawul yake ba, ko an sa shi can sama inda sai da tsani, ruwan da aka saya wa fetur da safe zai ƙare a tsakar gida kafin azahar.

Don haka a sa bawul inda hannu zai kai, a nuna wa duk wani mai hankali a gidan. A riƙa rufe shi ana buɗewa lokaci zuwa lokaci, saboda wanda ya shekara ba a taɓa shi ba yakan cije, ya ƙi motsi ranar da ake buƙatarsa.

Yadda ake sauya washa

Kayan aikin ba su da yawa: sifana, filaya, sukudireba, sabuwar washa da farin tef. Yawancin famfunan gida masu rabin inci ne, wasu na tsakar gida kuma inci uku bisa huɗu.

A fara da ɗaukar hoton famfon da waya a kowane mataki, domin a tuna yadda kayan suke jere. Idan famfon na kan kwamin wanke hannu ne, a toshe ramin, kada ƙaramin noti ya faɗa.

A cire sukurun da ke riƙe da mariƙin, a zare shi. Sai a sa sifana a babban notin da ke ƙasa, a murɗa ta hannun hagu. A nan ake buƙatar kula. Dole a riƙe jikin famfon da ɗaya hannun ko da filaya, don kada ya juya tare da notin. Idan ya juya, zai iya fasa bututun robar da ke cikin bango, gyaran washa ya koma fasa siminti.

Idan cikin famfon ya fito, za a ga washar a ƙasansa. A cire ta, a tafi da ita shagon kayan famfo a sayo daidai ita. A goge mazauninta da tsumma, a fitar da yashi. Idan yatsa ya ji mazaunin ya yi kaushi ko ya tsage, sabuwar washa ba za ta daɗe ba, gara a sauya famfon.

A mayar da komai yadda yake, a ɗaure daidai, ba da ƙarfi ba. A bar famfon a buɗe, a buɗe bawul a hankali har iska ta gama fita, sannan a rufe a duba.

Famfo mai hannu da ake juyawa sau ɗaya ya rufe ba shi da irin wannan washa. Na tsakar gida, musamman masu araha, idan suka fara ɗiga sauya su ake yi. A kwance tsohon, a riƙe sabon haƙoransa na kallon mutum, a naɗa farin tef ta hannun dama kamar sau goma, a ɗaura da hannu, sannan a ƙarasa da sifana kaɗan.

Inda ruwa ke sata ba a gani

Ba famfo kaɗai ke zubar da ruwa ba. Tankin da ya cika yana ambaliya saboda an manta da injin a kunne zai iya zubar da abin da famfo mai ɗiga zai yi kwanaki bai zubar ba. A auna mintunan da tanki ke ɗauka kafin ya cika, a riƙa saita ƙararrawar waya, ko a sa na'urar da ke kashe injin da kanta.

Domin gano yoyon da ke ɓoye, a rufe duk famfunan gida da dare, a yi alama a inda ruwan tanki ya tsaya. Idan da asuba ya sauka alhali babu wanda ya ɗiba, akwai inda yake zurarewa, ko a tukunyar masai ta zamani ko a ƙarƙashin ƙasa. Danshi a bango ko ciyawa kore shar a tsakiyar rani alamu ne. Wannan aikin mai gyaran famfo ne, haka ma bututun da ya fashe cikin bango da duk abin da ya haɗa ruwa da wutar lantarki.

Ba kuɗi kaɗai ba

Ruwan da ke kwanciya a gindin famfo yana zama matattarar sauro ko da rani ne, a ƙasar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ita ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya.

A gidajen ginin ƙasa, waɗanda har yanzu suke da yawa a Sifawa da Danchaɗi da Kajiji da Dandin Mahe, ɗigon da ke jiƙa gindin katanga kullum yana cinye ta, sai damina ta zo ta ƙarasa.

Bututun da ya huje a cikin kwata ya fi haɗari. Lokacin da babu ruwa a layin, ƙazantar kwatar na iya shiga ta ramin, idan ruwa ya dawo ta biyo shi har randa. Jihar Sakkwato na cikin jihohin da annobar kwalara ta 2021 ta shafa, kuma gurɓataccen ruwa ne babbar hanyar yaɗuwar cutar.

Famfon kowa da kowa

Famfon da ya fi daɗewa yana ɗiga shi ne wanda ba na mutum ɗaya ba. A gidan haya, 'yan haya na jiran mai gida, mai gida na cewa su suka lalata. A burtsatsen unguwa, kowa ya ɗiba ya wuce. A wuraren alwala na masallatai da makarantun Islamiyya, jerin famfuna ne da ɗaruruwan hannaye ke murɗawa a rana, duk da cewa malamai sun sha jan hankali a kan almubazzaranci da ruwa ko da wajen alwala ne.

Maganin a nan ba na fasaha ba ne. Masu amfani da famfon su zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa dubawa, su yi 'yar asusu ta sayen washa da tef da famfo ɗaya na ajiya. A gidan haya kuma a yi maganar tun ranar karɓar makulli: ƙaramin gyara na wane ne, babba na wane ne.

Kafin zafin bazara mai zuwa ya kankama, kowane magidanci zai iya ware rabin awa ya zagaya gidansa. Ya duba famfunan ɗaya bayan ɗaya, ya gwada bawul ɗin ya ga ko yana rufewa, sannan ya kira iyalinsa ya nuna musu inda yake.