Nicodemus: Ƙauyen 'yantattun bayi da layin dogo ya kauce wa

A arewa maso yammacin jihar Kansas ta ƙasar Amurka, a gundumar Graham, akwai wani ɗan ƙauye mai suna Nicodemus wanda ƙidayar shekarar 2020 ta samu mutum 14 kacal a cikinsa. Yana zaune ne kusa da kogin Solomon, a tsakiyar fili fetal mai ƙarancin itatuwa, inda iska ba ta hutawa, damina kuma ba ta da tabbas.

An kafa shi a 1877, shekara 12 bayan kammala yaƙin basasar da ya kawo ƙarshen bauta. Wani Bature dillalin filaye, W.R. Hill, da wani baƙar fata malamin coci, W.H. Smith, su ne suka yi ta kiran 'yantattun bayi daga jihar Kentucky. Abin da ya ja hankalin mutanen shi ne dokar 1862 wadda ta ba duk wanda ya zauna ya noma fili na shekara biyar damar mallakar eka 160.

Da suka iso, ba su tarar da katakon gini ba. Ramuka suka haƙa a ƙasa suka yi ɗakuna, a ciki suka ci sanyin shekarar farko cikin yunwa. Amma kafin shekara goma, garin ya samu banki da otal-otal da makaranta da jaridu biyu. Ɗaya daga cikin mazaunansa, Edward P. McCabe, ya lashe zaɓen babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas a 1882.

Faɗuwar garin ta zo ne daga shawarar da aka yanke a ofis mai nisa. Mazauna sun yi ta zawarcin kamfanonin jirgin ƙasa, amma a 1888 kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa layinsa ta kudancin kogin, inda sabon garin Bogue ya tsiro. 'Yan kasuwa suka kwashe hajarsu suka bi tasha, domin manomin da ba shi da hanyar fitar da alkamarsa ba ya da abin sayen kaya. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka ƙara watsa sauran.

A 1996 Majalisar Dokokin Amurka ta ayyana Nicodemus a matsayin wurin tarihi na ƙasa, ta damƙa kula da shi ga hukumar gandayen tarayya. Gine-gine biyar ne aka keɓe: coci biyu, makaranta, otal ɗin St. Francis, da zauren taron da aka gina da farar dutse a 1939.

Kowace shekara, a ƙarshen watan Yuli, jikokin waɗanda suka haƙa ramukan kan dawo daga birane daban-daban domin bikin tunawa da 'yanci, wanda aka fara tun 1878. Kwanaki kaɗan titunan ke cika, sannan motoci su juya, ƙauyen ya koma hannun tsirarun da suka ƙi tashi.