Apt ko Harhaɗawa da Hannu: Zaɓin Ɗalibin Damagaram

Ɗalibin Jami'ar André Salifou a Damagaram da ya ɗora Ubuntu a kwamfutarsa, yana da hanyoyin saka manhaja, ciki har da waɗannan biyu: ya sauko da asalin rubutunta ya harhaɗa da kansa, ko ya bar wa apt, tsarin da Debian ta fitar a 1998. Apt ya fi masa. Harhaɗa babbar manhaja kan ci awanni, ga ɗaukewar wuta lokacin zafi. Da umarni ɗaya apt ke kawo manhajar da duk abin da take dogaro da shi, daga baya ya toshe ɓarakar tsaro. Masu cewa kayansa sun kwana biyu suna da gaskiya, sai dai gwadaddu ne. Wanda bincikensa ke buƙatar sabon fitowa sai ya harhaɗa wannan kaɗai.