GARGAƊI GA IYAYE: Ku Leƙa Gidan Rainon 'Ya'yanku da Tsakar Rana

Wannan kira ne ga duk uwar da ke fita aiki, makaranta ko kasuwa ta bar ɗanta a gidan raino, da kuma maigidan da ke biyan kuɗin wata amma bai taɓa wuce zauren gidan ba.

Gidajen raino sun cika unguwanni a Kano, Kaduna, Zariya da sauran garuruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: mako 12 dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba mai jego, kaka kuma tana can garinsu. Sai mace ta share ɗaki ɗaya, ta jefa katifa biyu, shi ke nan an buɗe. Da yawansu masu riƙon amana ne, Allah ya saka musu. Amma galibi ba jami'in da ke leƙa su, don haka binciken a wuyanku yake.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne ɗura wa yara maganin barci. Mace ɗaya ga yara goma, ga girki, ga wanki, ga nata 'ya'yan. Idan kuka ya ishi marar imani, sai ta aika kemis a sayo maganin mura mai sa barci irin su Piriton ko Phenergan, ta bi su da cokali ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba wasa ba ne. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta hana a ba yaron da bai kai shekara 2 ba Phenergan, domin yana iya danne numfashi har rai ya fita. Uwa, idan kullum kika ɗauko ɗanki jikinsa laƙwas, ido a lumshe, ya ƙi kama nono, kada ki yarda da "ai gajiyar wasa ce". Wane wasa ɗan wata biyar ya yi? Ki wuce da shi asibiti, ki gaya wa likita abin da kike zargi. Ko maganin da aka bayar da kyakkyawar niyya yana iya zama ajali: daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori na My Pikin, wanda guba ta gurɓata, ya kashe yara 84 a Najeriya. Ku kafa sharaɗi tun ranar farko, ko ɗigo ɗaya kada a ba yaro sai an kira ku.

Gani ya kori ji. Ku je ba sanarwa, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da ba a sa ran kowa. Wadda ta ce sai an yi mata waya kafin a zo, ko ta tare ki a soro ta ce "bari in miƙo miki shi", akwai abin da take ɓoyewa. In kin shiga kin tarar da yara goma sun yi tsit, duk suna barci a lokaci ɗaya, kada shirun ya burge ki. Gidan yara da hayaniya aka san shi.

Sannan ki tsuguna ki dubi gidan daga tsayin mai rarrafe. Bokitin wanki da aka bari da ruwa ya isa ya halaka yaro: yaro mai tatata nauyin kansa yana rinjayar jikinsa, in ya leƙa ya kifa ba ya iya tasowa, kuma ba a jin ihunsa. Rijiya tana da murfi mai kwaɗo? Ina ake ajiye kananzir? In a robar lemo yake a gindin murhu, yaro lemo zai ɗauka. Ki tambayi mai rainon me za ta yi in ya sha. Idan ta ce manja za ta ba shi ya yi amai, ba ta sani ba, don aman ne ke kai kananzir cikin huhu. Asibiti ake garzayawa. Ki duba risho, kurfoti, da inda ake tayar da janareta, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri ba tare da an farga ba. Jariri kuwa a rigingine ake kwantar da shi, ba rub da ciki ba, ba cikin tarin filo ba.

Ki san wanda ke riƙe da yaron a zahiri. Sau da yawa Hajiya aka ba amana, amma 'yar aiki 'yar shekara goma ce ke goyon. Su wane ne samarin da ke shige da fice a gidan? A rubuta sunan waɗanda aka yarda su ɗauki yaro, kada a ba wanda ba a rubuta ba, ko da fuskar sananniya ce. Mutanen Kano ba su manta yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Disambar 2021 ba.

Gidan da bai nemi katin rigakafin ɗanki ba, bai nemi na sauran ba, ga ƙyanda, ga mashaƙon da ya addabi Kano a 2023.

Na san abin da ke hana mu magana: kunya. "'Yar unguwa ce", "matar Malam ce", "kada ta ce ban yarda da ita ba". Mai gaskiya ba ta jin haushin tambaya, wata ma har daɗi take ji. In abu ya faru sai a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, alhali bokitin ya yi wata yana nan a tsakar gida kowa yana ƙetare shi.

Duk wanda ya ga tabo, ƙuna ko alamar an ɗura wa yaro magani, ya janye ɗansa a ranar, ya sanar da sauran iyaye, ya kai maganar ga mai unguwa ko 'yan sanda. Iyaye maza, ku ma ku yi sallama ku shiga ku gani da idonku. Don Allah wanda ya karanta ya isar wa maƙwabciyarsa, kuma kada makon nan ya ƙare ba ku leƙa ba.