A Rudun Albasa Ba A Yar Da Kome, Sai Da Leda Ta Shigo

Daga wakilinmu

Duk matafiyin da ya biyo babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Yawuri, a tsakanin watan Maris da watan Yuni, ba sai an gaya masa ya shigo ƙasar albasa ba. Tun kafin ya iso Aliero hancinsa zai sanar da shi. In kuwa ya dubi bayan gari, zai hangi waɗansu bukkoki na kara da ciyawa a jere, wanda bai sani ba sai ya zaci rugar Fulani ce. To, ba ruga ba ce. Rudu ke nan, watau rumbun ajiye albasa, kuma abin da ke kwance a cikin waɗannan bukkoki shi ke aurar da 'ya'ya, ya biya kuɗin makaranta, ya kai mutane Makka a wannan yanki.

Aliero da Jega da Maiyama ƙananan hukumomi ne uku da ke maƙwabtaka da juna a masarautar Gwandu, cikin jihar Kebbi wadda aka cire daga tsohuwar jihar Sakkwato ran 27 ga Agusta, 1991. Kasuwar Jega ta yi suna tun ƙarni na 19, ita kuwa Aliero sunanta ya tafi da albasa da kuma ɗorin karaya. A garuruwan nan ajiya sana'a ce mai zaman kanta. Da kakar albasa kaya kan yi yawa farashi ya faɗi, sai mai hali ya saya ya boye, ya jira damina ta yi nisa sa'ad da albasa ke wuya a Legas da Ibadan da Onica. Ba manoma da fatake kaɗai ke wannan harka ba, har ma'aikatan gwamnati akwai masu zuba ɗan abin da suka tara a ciki, saboda haka maganar ta shafi da yawa daga cikin masu karatunmu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa game da rudu shi ne, kusan duk abin da aka gina shi da shi ragowar gona ne. Karan dawa da na gero da aka girbe da kaka su ake shimfiɗawa a bisa itatuwa, a ɗaga su daga ƙasa don kada danshi ya taɓa kaya, a kewaye da kara ko zana, sa'an nan a rufe da ciyawa. Iska tana shiga ta ƙasa da gefe, ta fita ta sama. Wannan kuwa shi ne abin da albasa ke so, gama kusan kashi 9 cikin 10 na jikinta ruwa ne, kuma ko bayan an cire ta daga ƙasa tana nan da rai tana numfashi. In aka toshe ta wuri guda sai ta yi gumi, ruɓa ta kama. Masana aikin gona sun tabbatar da cewa albasa tana daɗewa ba ta tsiro ba a wuri mai sanyi ƙwarai kamar na ƙanƙara, ko kuwa a wuri mai zafi da busasshiyar iska. Tsaka-tsakin nan shi ke tashe ta. Ashe zafin bazara da ke hana mu barci, ga mai rudu alheri ne. Babu lantarki, babu man fetur, kuma ran da rudu ya tsufa karansa ya koma murhu, tokar ta koma gona.

Ganyen ma ba a yar da shi. Lawashi ɗanye yana shiga miya, wanda ya yi saura kuwa mata kan kirɓa shi su shanya ya zama gabu, a ajiye har wata shekara. Albasar da ta fara laushi akan tsince ta a sayar da araha ga masu abincin sayarwa tun ba ta lalace ba.

Amma kada mai karatu ya ɗauka rudu ba shi da aibi. Gara tana cin kara, ɓera yana shiga, wuta in ta kama ba ta barin kome, kuma da zarar ruwa ya sauka iska ta yi danshi, sai albasa ta shiga tsiro da ruɓewa. Shi ya sa mai ajiya na ƙwarai ba ya kwana biyu bai leƙa kayansa ba, yana juyawa yana fid da ruɓaɓɓu, domin guda ɗaya tana iya ɓata na kusa da ita duka. Sau da yawa ma tun daga gona ake shuka hasarar. Manomin da ya cika wa albasa takin zamani don ta yi ƙato, ko ya ci gaba da ban ruwa har ranar cira, ko ya yanke ganye tun wuyanta bai bushe ba, ya sayar wa mai ajiya ruwa ne a cikin ɓawo. Sa'an nan ga wata matsala da ke ƙaruwa: kara kansa ya zama abin kuɗi, makiyaya na nemansa, masu girki na nemansa, itacen da ake kafawa kuwa daga dajin da ya riga ya yi ƙaranci ake saro shi.

Ruɓaɓɓiyar albasa ita ce inda, a ganina, aka fi yin sakaci. Akan zubar da ita a gindin rudu ko a bakin hanya, ta yi wari, ta tara ƙuda, ƙwayoyin cutar da suka ruɓar da ita kuma su zauna nan suna jiran kayan baɗi. Alhali da za a haƙa rami nesa da wurin ajiya, a zuba ta a gauraya da kashin dabbobi da toka da ɓuntun shinkafa a rufe har ta narke sarai, da ta zama taki. Ɓuntu kuwa ba ya wuya a jihar nan, musamman tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi cikin watan Nuwamba na 2015, injinan casa suka yawaita.

Sai batun buhu, wanda shi kaɗai ma ciniki ne babba. Albasa ta fi son buhun algarara saboda yana shan iska, kuma yawancin wanda ake gani a kasuwa ya riga ya yi wani aiki a wani wuri kafin ya iso nan. Akwai masu saye da sayar da tsofaffin buhuna, akwai masu zama da basilla suna ɗinke waɗanda suka yage, buhu guda ya je kudu ya komo ya sake tafiya. Abin takaici shi ne, masana'antun saƙa buhu da aka kafa a Jos da Badagiri a shekarun 1960 sun daɗe da durƙushewa, ga shi kuwa rama tana fita sosai a ƙasarmu. Sabon algarara sai an kawo daga Indiya ko Bangaladash. Da algarara ya ƙare, ruɓewa yake yi ya bi ƙasa. Buhun roba kuwa, irin na taki da na shinkafa, shi ma ana cin moriyarsa iyakar iko: a farke a haɗa a yi shimfiɗar shanya, a warware zarensa a tufka igiya. Sai dai rana tana cinye shi ya ruguje ya zama ɓarɓashi, ɓarɓashin nan kuma ba ya ruɓewa.

A nan ne al'adar da muka gada ta gamu da cikas. Tun kaka da kakanni, sharar gari taki ce. Da rani ake kwasarta a mangala a kai gona a kan jaki. Yau juji ya cika da leda da gutsattsarin buhu da ragar roba, manomi ya kwashe su duka ya kai fadama da hannunsa. Awaki da shanu suna haɗiye leda, kowane mahauci kuwa ya san abin da yake tararwa a tumbi. Wadda ta tsira daga wannan sai ta toshe magudanar ruwa, ko ta gangara gulbin Zamfara da ya bi ta Jega, garin da ya sha wuyar ambaliyar 2020. 'Yan gwangwan suna tsince ƙarfe da gorar ruwa domin suna da mai saye, amma yagaggen buhu da baƙar leda babu mai ɗaga ido ya dube su. Gwamnatin tarayya ta amince da manufar kula da sharar roba a 2020, jihar Legas kuma ta hana amfani da farantan soso na zuba abinci a watan Janairu na 2024. A kasuwannin ƙauye dai leda tana nan tana tashi sama kamar shirwa.

Akwai kuma irin maimaita amfanin da bai kamata a yaba ba. Galan ko kwalbar maganin feshi da aka wanke aka zuba man gyaɗa ko ruwan sha, guba ce ake sha kaɗan-kaɗan, domin wanki ba ya fid da ita duka daga jikin roba. Haka nan masu ajiye wake da ke yayyafa masa maganin ƙwari irin su Sniper. Saboda samun irin wannan magani fiye da kima ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015. Ga shi kuwa akwai mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007. Leda biyu masu kauri ne a ciki da buhu a waje. In aka ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba, kuma in ba a huda shi ba yana yin shekaru ana sake amfani da shi. Amma a lura, na hatsi da wake ne busassu. Wanda ya zuba albasa a ciki ya kashe kuɗinsa.

Ba a rasa masu ilmin gyara waɗannan abubuwa ba. Akwai Cibiyar Binciken Adana Amfanin Gona ta Nijeriya mai hedkwata a Ilori, wadda aikinta ke nan, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a Aliero a 2006, ɗalibanta na aikin gona suna wuce rudu kullum a hanyarsu ta zuwa aji. Abin da mai ajiya ke bukata ba wani gini ne na miliyoyi mai jiran lantarki ba. Rudu yake so wanda gara ba ta ci, mai rufin da ba ya yoyo, mai hawa-hawa don kada kaya su danne juna, a kan kuɗin da zai iya biya daga ribar shekara guda. Ƙananan hukumomin nan uku kuwa, da yake ana karɓar kuɗin shiga a kasuwanninsu, ba zai gagare su ba su keɓe fili a bayan kowace kasuwa inda za a riƙa zuba ruɓaɓɓen kaya dabam, roba dabam, tun kafin albasar rani mai zuwa ta shigo.