Yadda Aka Maido da Ruwan Sha a Birnin Sarayebo

Sarayebo shi ne babban birnin ƙasar Bosniya. Daga watan Afrilu na 1992 zuwa Fabrairu na 1996, dakarun Sabiyawan Bosniya sun yi masa ƙawanya. Birnin yana cikin kwari ne, duwatsu sun kewaye shi, kuma yawancin ruwan da yake sha daga rijiyoyin Bacebo yake fitowa, can yamma da gari, a yankin da masu ƙawanyar suke riƙe da shi. Injunan tura ruwan kuwa da lantarki suke aiki. Saboda haka ba sai an fasa bututu ba: da an yanke wuta, famfo ya ƙafe.

Akwai wata illa da ba kowa ke lura da ita ba. Muddin bututu na cike, ƙarfin ruwa yana hana ƙazanta shiga. Idan ya zama wayam, sai ya riƙa zuƙo ruwan kwata ta wuraren da ya tsage. Ke nan ruwan da ya dawo bayan yankewa yana iya zuwa da cuta.

Dole ta sa jama'a suka koma ɗiba da jarka, musamman a rijiyar wata tsohuwar masana'antar giya da ke cikin gari. Layin ruwa ya zama wurin mutuwa. A Janairun 1993 harsashin igwa ya kashe mutane a kusa da masana'antar, haka kuma a unguwar Dobirinya a watan Yuli.

A shekarar ne wani ma'aikacin agaji Ba'amurke, Fred Cuny, tare da ƙungiyar agaji ta IRC da kuɗin attajirin nan George Soros, ya kawo wata dabara: a tace ruwan kogin Milyatska da ya ratsa birnin. Aka ƙera matatun a Amurka gunduwa-gunduwa, daidai cikin jirgin saman ɗaukar kaya, yadda za a sauke su cikin hanzari, domin filin jirgin ma bai tsira daga harbi ba. Sannan aka harhaɗa su a cikin wani ramin hanyar mota da ya huda dutse, inda igwa ba ta kai musu.

Abin mamaki, da aiki ya kammala, hukumomin birnin suka hana a saki ruwan, suna cewa ba su gamsu da tsabtarsa ba. Wannan hujja ba ta wofi ba ce, tun da kogin ba mai tsabta ba ne. Amma masu aikin sun yi zargin akwai siyasa a ciki. Watanni suka shuɗe injuna na zaune, mutane na bin layi a bakin ransu, sai a cikin 1994 ruwan ya shiga bututun gari. Shawo kan masu iko ya fi haɗa ƙarafan wuya. Shi kuwa Cuny, ya ɓace a Ceceniya a 1995.