Majalisin Sha'irai da Rigimar Tsawon Dare a Potiskum

Da zarar watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, wata tsohuwar gardama takan farfaɗo a garuruwan Arewa, kuma Potiskum ba ta tsira daga gare ta ba. A unguwa irin Dogo Tebo, ɗaya daga mazaɓu goma na ƙaramar hukumar, a garin da ɗan ɗariƙa da ɗan Izala da ɗan Shi'a ke cin kasuwa ɗaya, majalisin sha'irai ba abu ba ne da mutum zai kau da kai ya wuce, domin lasifika ba ta yin sallama kafin ta shiga ɗaki. Bayan isha'i ake kafa rumfa a tayar da janareto. Sha'iri ya miƙe, 'yan amshi su jeru a bayansa, mai mandiri ko mai fiyano ya ɗauki kari, sai a kama ƙasida ɗaya a yi ta janta, wani sa'in fiye da rabin awa, wannan ya sauka wancan ya hau har dare ya raba. Masoya suna cewa wanda bai zauna ba bai san abin da ake ji ba. Masu suka suna cewa amshi ɗaya ne ake ta nanatawa, ga hana barci, ga bidi'a. Duka ɓangarorin sun maƙale a kan tsawon abin, alhali tsawon nan yana nan tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya a cikin shekaru talatin da suka wuce shi ne abin da ake cika tsawon da shi, kuma a ganina a nan ya kamata a yi gardamar.

Doguwar waƙa ba baƙuwa ba ce a kunnen mutanen wannan yanki. Ishiriniya ta Alfazazi, malamin Andalus da ya rasu a 1230, an gina ta ne a kan haruffan Larabci, kowane harafi da baiti ashirin, kuma ƙarnuka ke nan ana raya dararen Maulidi da ita daga Sakkwato har Barno. Zakiran Tijjaniyya suna kwana a kan Diwanin Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda ya rasu a 1975. Ƙadirawan Kano, a ƙarƙashin Shehu Nasiru Kabara har rasuwarsa a 1996, sun riƙe bandiri a zikirinsu da maukibinsu na kowace shekara. Ko a fagen kiɗan duniya haka abin yake: Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, a tsaye gaban jama'a yake ƙirƙirar baitinsa, shi ya sa da wuya a sami Bakandamiyarsa guda biyu iri ɗaya sak. Waƙar minti uku ko biyar ce baƙuwar. Faifan garmaho ne ya kawo ta, don abin da fuskar faifan ke iya ɗauka ke nan, rediyo kuma ta zo ta tabbatar da ita.

Masoya suna da hujja mai ƙarfi idan suka ce nanata amshi ba ragwanci ba ne. Amshin yana yin aiki biyu a lokaci ɗaya. Yana bai wa sha'iri 'yan daƙiƙun da zai numfasa ya lalubo baiti na gaba, sannan yana bai wa wanda ke zaune a ƙasa ƙofar shiga, don bayan ya ji shi sau biyar ya haddace, bayan sau ashirin ya zama ɗan amshi shi ma. Daga nan kiɗa ke ƙara sauri a hankali, murya ta hau, har a kai inda 'yan majalisi ke kira shauƙi. Ba a isa nan da gaggawa. Mutanen Masar sun san wannan a wurin Ummu Kulsum, wadda take iya jan waƙa guda ta kusan awa ɗaya a taronta na Alhamis ɗin farko ta kowane wata. Mutanen Pakistan sun san shi a wurin Nusrat Fateh Ali Khan, wanda ya rasu a 1997. Har a Amurka an yi ƙungiyar Grateful Dead, da ta fara a Kalifoniya a 1965 ta watse a 1995 bayan mutuwar jagoranta Jerry Garcia. Ta yi wasa fiye da sau 2,300, masoyanta suna binta gari-gari suna naɗar kowane dare a kaset saboda ba ta maimaita waƙa yadda ta yi ta jiya, masu sukarta kuma suna cewa kame-kame ne marar kan gado. Can babu zancen halal da haram, amma rigimar ta yi kama da tamu ƙwarai, abin da ke nuna cewa wani kaso na saɓanin daga yanayin kiɗan kansa yake fitowa. Wanda ke cikin da'ira da wanda sautin ke riska ta bayan katanga ba abu ɗaya suke ji ba.

Sukar da aka fi ji a mumbari ita ce ta addini, kuma ta girmi Nijeriya nesa ba kusa ba. Imamu Gazali ya ware babi guda a Ihya'u yana ba da uzuri ga sauraren waƙe bisa sharuɗɗa, Ibnul Jauzi da Ibnu Taimiyya suka tsananta a kan taron sufaye na irin wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki kaɗe-kaɗen banza na sarakunan zamaninsa, amma shi da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a. Littafin Shehu Abubakar Gumi na 1972 a kan aƙida, da kafa Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, su suka fito da tsohon saɓanin malamai zuwa bakin titi. Ba a Dogo Tebo za a warware abin da ya gagari manyan malamai shekaru ɗari tara ba. Abin lura shi ne layin bai tsaya tsakanin Izala da ɗariƙa ba. Tijjanawa ba sa kaɗa bandiri a wazifarsu, kuma cikin dattawan da suka tashi da bandiri akwai masu yamutsa fuska idan an kunna fiyano. Idan na cikin gida ma yana ƙorafi, to lallai akwai abin da ya motsa.

Motsin farko ya bayyana a Kano a shekarun 1990, lokacin da matasa 'yan mandiri, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya da manazarci Brian Larkin ya yi rubutu a kanta, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna zuba masa yabon Annabi. Hujjarsu ita ce su janye matasa daga sinima zuwa bege. Na biyu ya fi zurfi: situdiyon da aka buɗe don waƙoƙin finafinan Hausa sun buɗe ƙofa ga sha'irai, fiyano ta shigo, kasusuwan su Rabi'u Usman Baba da Bashir Ɗandago da Umar Abdul'aziz Fadar Bege suka cika tashoshin mota. An ci ribar wannan, babu musu. Bege ya shiga cikin gidaje, ya isa ga mata da yara da direbobin da ba su taɓa taka zawiya ba, kuma waɗannan na farkon mutane ne da suka san abin da suke faɗa. Sai dai fiyano ta zo da wani lahani da ba a cika magana a kansa ba. Hannun mai mandiri yana bin numfashin sha'iri, ya sassauta in ya sassauta, ya zafafa in ya zafafa. Kiɗan da aka saita a cikin na'ura kuwa gudu ɗaya yake yi daga farko har ƙarshe, sai in an danna masa wani maɓalli. Hawan nan na sannu a hankali, wanda shi ne dalilin tsawon, ya yi rauni. Sannan na'urar ta sauƙaƙa shiga sana'ar. Da, sai yaro ya shekara da shekaru yana amshi a bayan babba, ya haddace ƙasidu da sira, kafin a miƙa masa murya. Yanzu mai zaƙin murya da kuɗin awa biyu a situdiyo ya zama sha'iri. Tsawon dare yana nan yadda yake, amma rumbun da za a ɗebo baiti daga ciki ya ragu.

Da me ake cike gurbin? Mafi yawa da sunayen mutane. Majalisi yana cin kuɗi: hayar rumfa da kujeru da kayan sauti, sallamar 'yan amshi, ga man janareto da farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Sha'iri kuwa da liƙi yake rayuwa. A garin da kasuwar shanunsa ke cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, kuma aka san shi da harkar manyan motoci, ba a rasa masu hannu da shuni da za su miƙe su yi liƙi. Da an manna wa sha'iri kuɗi sai ya ambaci mai liƙin, da mahaifinsa, da shehinsa, sai wani ya taso don kada a bar shi a baya, ƙasidar da aka fara don Manzon Allah ta koma jerin gwanon alhazai. Masoya sukan ce kyauta ga mai yabo sunna ce, su kawo labarin Ka'abu ɗan Zuhairu da mayafin da Annabi ya ba shi. Gaskiya ne, amma Ka'abu ya gama waƙarsa yadda ya tsara ta, kyautar ba ta karkatar da ita ba. Liƙin tsakiyar baiti shi ke riƙe da linzamin waƙar. Nan ne mai suka, ko da bai san komai a kan kari da amshi ba, yake da gaskiya idan ya ce abin da yake ji ya fi kama da roƙo. (Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ma ta haramta liƙi da takardar naira, ko da yake kowa ya san yadda ake bin ta a wurin biki.)

Abu na biyu da ake cike gurbin da shi ya fi hatsari, wato guluwwi. Mai ƙirƙirar baiti a tsaye, in ba shi da karatun da zai yi masa waigi, kuma yana gasa da wanda ya sauka a kan wa zai fi tayar da ihun jama'a, hanya mafi sauƙi gare shi ita ce ya faɗi abin da ya fi na wancan girma. Kano ta ga ƙarshen wannan hanyar sau biyu cikin shekaru biyar. A 2015 kalaman da aka furta a wani taron Maulidin Shehu Ibrahim sun kai ga ƙone kotun shari'a ta Rijiyar Lemo da yanke hukuncin kisa, manyan Tijjaniyya kuma suka fito suka barranta da waɗanda ake kira 'yan haƙiƙa. A 2020 wata waƙa da ta yaɗu a WhatsApp ta jawo aka ƙone gidan iyayen wani matashin mawaƙi, aka yanke masa hukuncin kisa a watan Agusta, kafin babbar kotu ta soke hukuncin ta ce a sake shari'a. Ƙone gida da ƙone kotu ta'asa ce da babu baitin da zai halatta ta. Masoya kuma suna da gaskiya cewa irin waɗannan tsiraru ne a cikin dubban sha'irai. Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: taron da ke saka wa mai wuce gona da iri da kabbara da liƙi yana da nasa kason a cikin abin da ya biyo baya.

Potiskum tana da nata dalilin da ya sa sauyin zai fi yi mata tasiri. Daga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012, zuwa dokar ta-ɓaci da aka ƙaƙaba wa Yobe da Barno da Adamawa a Mayun 2013, zuwa bama-baman Nuwamban 2014 a kan masu muzaharar Ashura da kuma ɗaliban makarantar kimiyya, taruwar jama'a ta zama kasada, dokar hana fita kuma ta cinye dare. Yaron da ya yi wayo a wannan tsakanin, a memori ya fara sanin bege, a wurin masu tura waƙa a waya, daga baya a Facebook da TikTok. Kaset ɗin minti sittin ko casa'in da direba kan saka a da daga Potiskum zuwa Kano yana ɗauke da hawa da saukar majalisi gaba ɗaya. Guntun bidiyo na rabin minti kuwa ƙololuwar kawai yake yankowa, inda wani ya faɗi ƙasa ko aka yi ruwan kuɗi ko harshe ya zame. Da zaman lafiya ya dawo aka sake kafa rumfuna, masu sauraro sun zo suna neman wannan ƙololuwar tun daga minti na farko, sha'irai kuma sun san wayoyi na ɗage a gabansu. Mai wa'azin da zai yi raddi gobe shi ma wannan guntun ya gani. Ta haka gardamar ta ƙara zafi a daidai lokacin da masu zama su saurari dare guda cikakke suka ragu a ɓangarorin biyu.

Saura zancen lasifika, wanda bai buƙatar dogon bayani. Majinyaci da mai jego da ɗalibi da mai sammakon kasuwa suna da hakki, kuma shauƙin wani bai sauke shi ba. Sai dai mai wannan ƙorafi ya kamata ya yi shi a kan kowa, don wa'azin dare da ake juya lasifikarsa zuwa gidajen maƙwabta shi ma barcin yake hanawa. Wannan abu ne da mai unguwa da masu shirya taro za su iya yankewa a zama ɗaya, a sa lokacin tashi, a juya bakin lasifika zuwa cikin da'ira.

Na baitin ne ba ya yankuwa da sauƙi. Kano ta kafa hukumar tace finafinai tun 2001, kuma tana iya sauraren waƙar da aka naɗa a situdiyo ta ce a cire kaza. Babu hukumar da za ta tace baitin da ba a riga an ƙirƙira ba, kuma hana majalisi gaba ɗaya zai tura shi ne cikin waya, inda guntayen da suka fi muni suka fi gudu. Wanda ke da ikon dakatar da sha'iri a tsakiyar magana shi ne muƙaddami ko malamin da sha'irin ke jin nauyinsa. A Maulidin zawiya galibi yana nan zaune har a tashi. A majalisin biki da suna, inda liƙi ya fi yawa kuma 'yan fiyano suka fi samun gayyata, sau da yawa yakan buɗe da addu'a ya tafi gida kafin a fara.